Sirrin Talaka da Iyakar Mai Mulki: Kotun Tsarin Mulki a Nijar, Daga Yamai Zuwa Birnin Lalle

Tambayar ko hukuma tana da ikon shiga gidan mutum, ko sauraren wayarsa, ko tattara bayanansa a ajiye ba da saninsa ba, tambaya ce da rubutun kundin tsarin mulki kaɗai ba ya amsa ta, domin kusan duk kundin da aka rubuta a Afirka ta Yamma ya haramta waɗannan abubuwa, amma kuma ya bar ƙofa a buɗe da cewa ana iya yin su idan doka ta yarda. Tun da haka ne, abin dubawa shi ne wanda ke rubuta wannan doka, da wanda ke da ikon auna ta ya ce ta wuce gona da iri, da kuma ko mai mulki zai yi biyayya idan an faɗa masa haka. A Jamhuriyar Nijar waɗannan abubuwa sun sha gwaji a fili, kuma sakamakon gwajin ya shafi manomi da makiyayi na Birnin Lalle, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, kamar yadda ya shafi ɗan siyasa na Yamai, ko da yake na biyun ne kawai aka saba jin sunansa a rediyo.

Abin da masana shari'a ke nufi da bitar doka shi ne ikon da ake ba alƙalai su ɗauki dokar da majalisa ta zartar, ko matakin da shugaba ya ɗauka, su gwada shi da kundin tsarin mulki, idan ya saɓa masa su hana aiki da shi. Hanya biyu ta shahara a duniya. A Amurka, tun hukuncin da alƙalin alƙalai John Marshall ya rubuta a shekarar 1803 cikin shari'ar Marbury da Madison, kowace kotu tana iya ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa kundi yayin da take sauraron wata ƙara, Kotun Ƙoli kuma ita ke da magana ta ƙarshe; Najeriya wannan tafarki ta bi. A nahiyar Turai kuwa an bi shawarar masanin shari'a Hans Kelsen, wanda ya sa hannu wajen kafa kotu ta musamman a Ostiriya a 1920, aka keɓe aikin ga hukuma guda wadda ba ta da wani aiki sai shi. Faransa ta kafa tata majalisar tsarin mulki a 1958, kuma daga can ne Nijar ta gaji salon auna doka kafin shugaba ya sa mata hannu, bisa ƙarar manyan jami'ai, ba bisa ƙarar talaka ba.

Sai dai tunanin cewa mai mulki yana da iyaka, kuma cikin gida yana da alfarma, bai jira Turawa ba. Birnin Lalle yana cikin tsofaffin mazaunan sarautar Gobir, inda Gobirawa suka yada zango bayan fitowarsu daga Azbin, kafin su gangara kudu har Alkalawa, wadda ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. A tsarin Gobir sarki ba shi kaɗai ba ne: akwai Taran Gobir, manyan fada tara masu zaɓen sarki, kuma akwai Inna, wadda ke riƙe da nata iko, kamar yadda a Maraɗi Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durbi ke da hannu wajen naɗin sarki. Malaman jihadi kuma sun kafa hujjarsu a kan cewa shari'a tana sama da sarki, abin da ya sa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan zamaninsa kan ƙwace dukiyar mutane da aza haraji ba bisa ƙa'ida ba. Game da sirri kuwa, Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ginin gidan Bahaushe ma ya tabbatar da haka, inda baƙo namiji ke tsayawa a zaure ya yi sallama, ba ya zarcewa ciki sai an yi masa iso. Bambancin shi ne waɗancan manyan fada suna takura sarki ne ta hanyar naɗi da tuɓewa da nauyin al'ada, ba su zauna suna tantance kowane umarni nasa ɗaya bayan ɗaya bisa rubutaccen ma'auni ba, wanda shi ne sabon abin da kotun tsarin mulki ta zo da shi.

Shekaru talatin na farkon 'yancin kai ba su ba wannan sabon abu wurin numfashi ba, domin zamanin Diori Hamani jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da gwamnati da majalisa, daga 1974 kuma Seyni Kountché ya jingine kundin gaba ɗaya. Babban Taron Ƙasa na 1991 ne ya buɗe hanyar kundin Disamba 1992, wanda ya raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, rabon da ya rikiɗe ya zama zaman 'yan marina tsakanin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou a 1995, har soja suka raba gardamar ranar 27 ga Janairu 1996. A wancan lokaci wani sashe ne na Kotun Ƙoli ke kula da lamuran kundi; sai kundin 9 ga Agusta 1999 ya kafa Kotun Tsarin Mulki mai zaman kanta.

Wannan kotu ce ta fuskanci gwaji mafi girma a 2009, lokacin da wa'adin shugaba Tandja Mamadou na biyu ke dab da ƙarewa a watan Disamba, magoya bayansa kuma suka ɗauko kiran tazarce. Kundin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu, ya kuma sa wannan ƙa'ida cikin waɗanda ba a taɓawa ko da ta hanyar gyaran kundi, don haka dabarar da fadar shugaban ta ɗauka ita ce a kira zaɓen raba gardama kan sabon kundi dungurungum, maimakon a gyara tsohon. Ranar 25 ga Mayu, bisa tambayar wasu 'yan majalisa, kotun a ƙarƙashin shugabancin Salifou Fatimata Bazèye ta ba da ra'ayin cewa hakan ya saɓa wa kundi da rantsuwar da shugaban ya yi, washegari kuwa Tandja ya rusa majalisar dokoki. Da aka fitar da dokar kiran masu zaɓe duk da haka, jam'iyyun adawa suka kai ƙara, kotun ta soke ta ranar 12 ga Yuni, wannan karon da hukunci mai ɗaure kowa, ba shawara ba. Ranar 26 ga Yuni shugaban ya ɗauki ikon gaggawa bisa sashe na 53, ranar 29 ga wata ya dakatar da sassan kundin da suka hana a tuɓe alƙalan, ya rusa kotun, ya naɗa wata. An yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, aka sanar da amincewar fiye da kashi 92 cikin ɗari, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar a watan Oktoba, kuma ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da gwamnatin.

Mutane da yawa suna karanta wannan tarihi a matsayin nasarar alƙalai, kuma akwai gaskiya a ciki, domin hukuncin 12 ga Yuni shi ya cire wa tazarce rigar halasci, ya ba ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula da ƙasashen maƙwabta hujjar da suka tsaya a kanta. Amma wanda ya dubi jerin ranakun da kyau zai ga cewa kotun ba ta tsayar da komai da ƙarfinta ba: an rusa majalisar da ya kamata ta kare ta, sannan aka rusa ta, aka yi zaɓen da ta haramta, kuma abin da ya kawo ƙarshen lamarin bindiga ce, wadda ita ma ba ta da gurbi a cikin kundi. Alƙali ba ya riƙe da soja kuma ba ya riƙe da baitulmali, saboda haka hukuncinsa yana aiki ne gwargwadon yadda sauran masu iko ke jin nauyin saɓa masa.

Marubutan kundin 25 ga Nuwamba 2010, wanda ya kafa jamhuriya ta bakwai, sun rubuta shi da tabon 2009 a zuciyarsu. Sun ba kotun mambobi bakwai masu wa'adi ɗaya na shekara shida wanda ba a sabuntawa, kuma mutum ɗaya kacal daga cikinsu shugaban ƙasa ke gabatarwa, ɗaya ofishin majalisa, sauran biyar kuwa takwarorinsu ke zaɓo su: alƙalai biyu, lauya ɗaya, malamin jami'a masanin shari'a ɗaya, da wakilin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 135 ya hana rusa kotun ko dakatar da wani sashe da ya shafe ta, kuma an sanya ƙin bin hukuncinta cikin abubuwan da ake kira cin amanar ƙasa. Ta fuskar hana shugaba zarcewa, ginin ya riƙe, domin Mahamadou Issoufou ya sauka a 2021 bayan wa'adi biyu. Ta fuskar sirrin ɗan ƙasa kuwa labarin ya sha bamban.

Kundin 2010 bai yi rowar kalmomi a kan sirri ba. Sashe na 27 ya ce gida ba a keta shi, kuma ba a bincike a cikinsa sai bisa sharuɗɗan da doka ta tsara, sashe na 29 kuma ya faɗi haka game da wasiƙu da hanyoyin sadarwa. A nan Nijar ta bambanta da Amurka, inda kundi bai ambaci haƙƙin sirri da sunansa ba, alƙalai ne suka tsamo shi daga wasu sassa a hukuncin Griswold na 1965, suka gina hukuncin Roe na 1973 a kansa, wasu alƙalan kuma suka rushe na biyun a 2022, ana ta muhawara kan ko alƙali yana da hurumin karanto abin da ba a rubuta ba. Matsalar Nijar a ƙarƙashin kundin 2010 kishiyar wannan ce: haƙƙin yana rubuce ɓaro-ɓaro, amma an miƙa wa doka iyakance shi, kuma idan masu rinjaye a majalisa da fadar shugaban ƙasa tafiyarsu ɗaya ce, to wanda ake tsoron ya keta sirrin shi ne ke rubuta sharaɗin ketawar.

Dokar sauraren sadarwa da majalisa ta amince da ita ranar 29 ga Mayu 2020, bayan 'yan adawa sun fice daga zauren, ita ce misalin da ya fi fito da wannan fili. Dokar ta halatta wa hukuma tare saƙonnin waya da na intanet don dalilai masu faɗi, irin su tsaron ƙasa da haɗin kan ƙasa da yaƙi da ta'addanci, ta kuma sa ikon ba da izini a hannun shugaban ƙasa, ba a hannun alƙali ba, tare da wani kwamitin sa ido da aka ɗora wa bin sawun aikin. Ba a Yamai aka ƙirƙiro wannan salo ba: Faransa ta yi doka mai kama da shi ranar 10 ga Yuli 1991, inda firaminista ke ba da izini. Amma Faransa ta yi dokar ne bayan Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta same ta da laifi a 1990 kan sauraren waya ba tare da bayyananniyar doka ba, wato akwai alƙali a sama da ita wanda take jin maganarsa. A Afirka ta Kudu ma, a watan Fabrairu 2021, kotun tsarin mulki ta yanke cewa dokar sauraren waya ta ƙasar ta saɓa wa kundi, duk da cewa can alƙali ne ke ba da izini, saboda dalilai da suka haɗa da rashin sanar da mutum, bayan an gama, cewa an saurare shi. Idan dokar da ta sa alƙali a tsakiya ta kasa tsallake wannan ma'auni, da wuya a ce wadda ta cire shi gaba ɗaya za ta tsallake.

Ba a musun hujjar masu goyon bayan irin wannan doka, musamman a jihar Maraɗi, inda yankunan Madarunfa da Gidan Rumji suka daɗe suna fama da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, cinikin fansar kuma ta waya ake yinsa. Tsananin lamarin ne ya sa a ƙetaren iyaka aka katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato a watan Satumba 2021. Iyalin da aka sace wa ɗa ba za su ƙi a bi sawun lambar da ke kiransu ba. Abin da ake jayayya a kai ba buƙatar sauraren ba ne, a'a, wanda zai tantance cewa wannan lamba ta ɗan fashi ce ba ta ɗan jarida ko ɗan adawa ba, domin na'urar da ke kama muryar ɗaya ita ke kama ta ɗayan. Katse intanet na wayoyin hannu da aka yi na kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021 ya nuna yadda dalilin tsaro ke saurin haɗuwa da dalilin siyasa.

Ko da a ce Kotun Tsarin Mulki tana shirye ta tsaya a wancan lokaci, sai an kai mata ƙara, kuma a nan ne nisan Birnin Lalle da Yamai ke bayyana. A ƙarƙashin kundin 2010, kafin a sa wa doka hannu, shugaban ƙasa, ko firaminista, ko shugaban majalisa, ko kashi ɗaya cikin goma na 'yan majalisa ne kaɗai ke iya kai ta gaban kotun. Talaka hanya ɗaya sashe na 132 ya bar masa: idan yana cikin shari'a a wata kotu, yana iya cewa dokar da za a hukunta shi da ita ta saɓa wa kundi, sai alƙalin ya dakata har Kotun Tsarin Mulki ta amsa cikin kwana 30. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Faransa kanta ba ta buɗe irin wannan ƙofa ba sai a watan Maris 2010, amma ta kasa ta Benin, inda kundin 1990 ya ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa kotun kai tsaye ba sai yana da shari'a ba. Kuma ga sauraren waya ƙofar kusan a rufe take, tun da wanda ake saurara bai san ana yi ba, ba shi da ƙarar da zai rataya hujjarsa a kanta.

Shari'ar da mutumin Birnin Lalle ya sani ta wani fanni ce daban. Gundumar Dakoro tana kan iyakar noma da kiwo, iyakar da dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata, kuma yawancin rigingimunta na gona ne da burtali da rijiya da gado da aure. Ana fara su gaban mai gari da sarkin kanton, waɗanda doka ta ba ikon sulhu, ko gaban kwamitocin filaye da suka samo asali daga dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, idan abin ya ƙi sai a je kotun Dakoro, inda alƙali ke zama da masana al'ada a kan irin waɗannan ƙararraki. Lauyoyi kuwa galibinsu a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma dokokin da Faransanci aka rubuta su. Duk da haka bayanan wannan mutum sun riga shi isa babban birni, domin ya ba da takardar shaida kafin a buɗe masa layin waya, an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a rajistar masu zaɓe ta 2020 wadda ta ƙunshi mutum wajen miliyan 7.4, kuma saƙon murya da ya tura a zauren WhatsApp na 'yan garinsu yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019. Akwai hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, wadda dokar 3 ga Mayu 2017 ta kafa, aka sabunta dokar a Disamba 2022, amma hukuma ce ta gudanarwa mai sa ido kan masu tattara bayanai, ba ta da ikon soke dokar da majalisa ta yi.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sauya tambayar daga tushe. An dakatar da kundin 2010 tare da hukumomin da ya kafa, har da kotun da sashe na 135 ya ce ba a rusawa, majalisar soja ta CNSP ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani kuma ta haɗa ikon yin doka da na zartarwa a hannunta. An kafa Kotun Ƙasa a madadin manyan kotuna biyu na da, kuma ita ce ta cire wa hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum rigar kariya ranar 14 ga Yuni 2024. A wannan wata ne aka maido da hukuncin ɗauri da aka cire a 2022 kan ɓata suna ta intanet, aka kuma sa ɗaurin shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a, ko da labarin gaskiya ne. Ranar 27 ga Agusta 2024 aka kafa rajistar mutane da ƙungiyoyin da ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, wadda shiga cikinta ke iya jawo riƙe dukiya da hana tafiya da janye shaidar zama ɗan ƙasa na wucin gadi tun kafin kotu ta yanke hukunci. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ba Tiani wa'adin shekara biyar da ake iya sauyawa, aka rusa jam'iyyun siyasa, kuma shi ne ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, matakin da zai iya rage tazarar talaka da doka idan har an fassara dokokin kuma akwai inda zai kai ƙararsu. Masu goyon bayan soja suna cewa kotunan da aka rusa sun riga sun zama 'yan amshin shatan masu mulki, zargin da mutane da yawa a Nijar suka yarda da shi. Amma ko da zargin ya tabbata, sharaɗin "sai bisa doka" ba ya hana komai a inda mai ba da umarnin bincike shi ne mai sa hannu a dokar.

Akwai kuma alƙalin waje, wanda tarihinsa a Nijar ya fi na cikin gida kusantar talaka. Kotun CEDEAO ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida ba, kuma ta wannan hanya ce Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙonni, ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar ranar 27 ga Oktoba 2008, aka yanke a biya ta miliyan 10 na sefa saboda hukuma ta kasa kare ta daga bauta. Tandja kansa, wanda ya rusa kotun ƙasarsa, wannan kotu ce ta yanke a Nuwamba 2010 cewa tsare shi da soja suka yi ya saɓa wa doka, ko da yake bai fito ba sai a Mayu 2011, kuma irin wannan hukunci ta yanke wa Bazoum ranar 15 ga Disamba 2023, ba a yi aiki da shi ba. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ta rufe wannan hanya ga sababbin ƙararraki. A watan Oktoba 2021 Nijar ta amince 'yan ƙasarta su kai ƙara kai tsaye Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya, amma ita wannan kotu tana neman mai ƙara ya fara ƙure kotunan gida, kuma Yarjejeniyar Afirka ta 1981 da take aiki da ita ba ta da sashe a kan sirri, saboda haka mai ƙara zai jingina ne da sashe na 17 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986.